Me ya sa mayen ƙarfe ke kama wata wuƙa tamau, wata kuma da kyar?

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin namu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta isa su saurara ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a natse.

Yau zancen wuƙa za mu yi. Duk wanda ya san Katsina ya san idan Babbar Sallah ta matso, kasuwar wuƙaƙe buɗewa take yi. Ka shiga babbar kasuwa, ko ka bi ta wajen masu wasa wuƙa a bakin titi, kowa da tashi a hannu, wani sabuwa zai saya, wani tsohuwa ya kawo a gyara mashi kaifi. To a cikin masu sayen nan akwai waɗanda ke zuwa da mayen ƙarfe a aljihu, wato maganaɗisu, galibi irin baƙin zoben nan da ake cirowa daga bayan tsohuwar sifika. Sai mutum ya manna shi a ruwan wuƙa. Wani zai ce maka idan ya kama tamau, to ƙarfe ne na gaske, saya kawai. Wani kuma ya ce a'a, wadda bai kama ba ita ce asalin silba, ba ta tsatsa, ita ce mai tsada. Mutum biyu, gwaji ɗaya, hukunci biyu masu karo da juna, kuma kowane da kuɗinshi yake yin caca. Kowane a cikinsu yana da 'yar gaskiya, amma ba wadda ta isa a sayi wuƙa a kanta ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Da farko dai, ba kowane ƙarfe maganaɗisu ke kamawa ba. A cikin ƙarafan da muke cuɗanya da su, uku ne yake ja da ƙarfi: baƙin ƙarfe, da nikel, da kobalt. Alminiyam, tagulla, jan ƙarfen wayar lantarki, azurfa, zinare, duk ba ruwanshi da su. Wannan darasi 'yan jari-bola sun fi ɗan makaranta saninshi, domin da shi suke cin abinci. Abin da ya manne, farashinshi daban, abin da bai manne ba, a ware shi gefe a duba ko alminiyam ne ko tagulla.

Me ya bambanta baƙin ƙarfe? Kowace ƙwayar zarra ta baƙin ƙarfe, wato atom, ita kanta wani ɗan mitsitsin maganaɗisu ce, tana da gabanta da bayanta. Kuma tana da wata ɗabi'a: tana son ta fuskanci inda maƙwabciyarta ta fuskanta. Saboda haka a cikin ƙusa guda za ka samu unguwa-unguwa, kowace unguwa atom ɗinta sun fuskanci waje ɗaya, amma unguwar gaba ta fuskanci wani wajen. Ƙarfinsu sai ya kashe juna, shi ya sa ƙusa ba ta jan 'yar uwarta. Ku ɗauki misalin jama'a a filin Kangiwa ranar hawan Sallah kafin Sarki ya fito. Wannan rukuni na kallon dawaki, wancan na kallon masu algaita, wasu sun juya baya suna cinikin rake. Da an ce ga Sarki nan, sai ka ga dubban fuskoki sun juya waje guda. Haka maganaɗisu ke yi wa ƙarfe. Da ya matso, unguwannin nan sai su juya su bi shi, ƙarfen ya zama maganaɗisu na ɗan lokaci, su ja juna.

Yauwa. Ga inda abin ya fara ɗaure kai. Kwanon silba da ke kicin ɗinku, irin mai kyau ɗin, kusan kashi 70 cikin 100 na jikinshi baƙin ƙarfe ne. Sauran kuma akwai nikel a ciki, wanda shi ma maganaɗisu na kama shi idan yana shi kaɗai. An haɗa masu kamuwa biyu, amma ka kai mayen ƙarfe jikin kwanon, ya zame ya faɗi. To yaya aka yi?

Amsar tana wajen zaman da atom ɗin suka yi. A cikin ƙarfe, atom ba a watse suke ba, jere suke cikin tsari mai maimaita kanshi. Ku ɗauka ɗaki ne mai tsawo da faɗi da bisa daidai wa daida. A tsari na farko, akwai atom a kowace kusurwa takwas ta ɗakin, sannan guda ɗaya yana rataye a tsakiyar ɗaki. Masana na kiran wannan ferait, kuma shi ne zaman da baƙin ƙarfe ke yi a yanayin da muke rayuwa. Maganaɗisu na kama shi sosai. A tsari na biyu, kusurwoyin nan takwas suna nan, amma ba kowa a tsakiyar ɗaki, sai dai akwai atom ɗaya a tsakiyar kowane bango huɗu, ɗaya a daɓe, ɗaya a rufi. Sunan wannan ostenait, an sa mashi sunan wani masanin ƙarfe ɗan Ingila, Roberts-Austen. A wannan zaman, tazarar da ke tsakanin atom da yawan maƙwabtan kowane sun canza, ɗabi'ar nan ta bin maƙwabci ta lalace. Ko da Sarki ya fito, kowa na kallon gabanshi. Ƙarfen dai shi ne, zaman ne ya sake, kuma maganaɗisu ya daina kama shi. Ku riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kanshi ya rataya.

Yanzu mu leƙa maƙera, inda ake ganin abin da ido. Baƙin ƙarfe tsantsa yana barin ferait ya koma ostenait idan zafi ya kai digiri 912 a ma'aunin Selshiyos. Amma wuƙa ba da tsantsar ƙarfe ake yin ta ba, sai da ɗan kabon a ciki, sinadarin nan da shi ne jikin gawayi. Kabon ɗin ba shi da yawa, tsakanin rabin kashi ɗaya zuwa kashi 1 cikin 100 a yawancin wuƙaƙe, amma shi ne gishirin miyar. Idan kabon ya kai kusan kashi 0.8, sauyin nan yana faruwa tun a digiri 727. Sannan akwai wata iyaka ta daban: a digiri 770, ko da ƙarfe bai sauya tsari ba, zafi kaɗai yana sa atom su yi ta rawar jiki har su kasa fuskantar waje ɗaya. Ana kiran wannan iyaka da sunan Pierre Curie, Bafaranshen da ya yi nazarinta a 1895. Tun kafin shi ma, a 1600, wani likita a Ingila mai suna William Gilbert ya rubuta cewa ƙarfen da ya yi jawur a wuta maganaɗisu ba ya jan shi.

Maƙera a ƙasashe da yawa sun mayar da wannan abin awo. Ana hura zuga-zugi, ƙarfe na cikin garwashin ƙirya, lokaci-lokaci a fito da shi a taɓa da maganaɗisu. Muddin yana kamawa, da saura. Da ya daina, an shigo unguwar da ake nema. Na ce unguwar, ban ce gidan ba. Sifirin mota, wanda maƙeranmu ke so wajen wuƙa da adda, yawanci kabon ɗinshi wajen kashi 0.6 ne, kuma yana son zafi ya wuce digiri 800 kafin a tsoma shi. Saboda haka idan maganaɗisu ya saki, a ƙara mashi wuta kaɗan, launin ya ɗan ƙara haske, sannan a tsoma. Maƙerin da ya gaji sana'ar ba ya ma buƙatar maganaɗisu, launi yake karantawa, shi ya sa za ku ga maƙera a inuwa take, don a tsakar rana ido na yaudara, ƙarfen da ya wuce misali sai ka gan shi kamar bai yi ja ba.

Me ke faruwa idan an tsoma? A zaman ostenait akwai wuri a tsakanin atom, kabon ya narke ya shige ko'ina. Idan aka bar ƙarfen ya huce a hankali, kabon zai samu lokaci ya fice ya taru gefe, ƙarfe ya koma ferait mai laushi. Idan kuwa aka tsoma shi cikin mai ko ruwa farat ɗaya, ƙarfe na son komawa tsohon zama, kabon kuma bai samu hanyar fita ba, ya maƙale a ciki. Ɗakin nan sai ya miƙe ta gefe ɗaya, ya takura, komai ya ɗaure. Wannan zama na uku shi ne matensait, daga sunan Bajamushe Adolf Martens. Shi ne taurin wuƙa, shi ne ke riƙe kaifi. Yana da tauri har da gautsi, shi ya sa ake sake ɗumama wuƙar a wajen digiri 200, har ta yi launin kara, don kada ta karye a kan ƙashi. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, matensait ɗan uwan ferait ne ta wajen zama, saboda haka maganaɗisu na kama shi.

Kun ga ke nan duk wuƙar ƙarfe da aka taurara ta wannan hanya dole mayen ƙarfe ya kama ta. Daga askar wanzami har takobin barde. Ko Gajere, takobin nan na tarihi da ake dangantawa da Korau a cikin kayan sarautar Katsina, zamaninshi ya riga zamanin silba da ɗaruruwan shekaru, sai dai ba wanda zai ba ka shi ka gwada, kada ma ka tambaya.

To silba fa, daga ina ta fito? A 1913, a birnin Shefild na Ingila, wani mai suna Harry Brearley yana neman ƙarfen da zai jure a cikin bakin bindiga, sai ya haɗa wani mai kuromiyam kusan kashi 13 cikin 100. Aka lura ba ya tsatsa kamar sauran. Dalili shi ne kuromiyam na haɗuwa da iska ya yi wata fata siririya wadda ido ba ya gani, ta rufe ƙarfen, idan ta karce ta sake toho da kanta. Ƙa'idar da ake bi yau ita ce, sai kuromiyam ya kai kashi 10.5 kafin a kira ƙarfe marar tsatsa. Shefild garin maƙeran wuƙa ne tun fil azal, nan da nan aka fara wuƙaƙe da shi. Ku lura, ƙarfen Brearley ana taurara shi, yana zama matensait, maganaɗisu na kama shi. Ke nan wuƙar farko marar tsatsa a duniya mai kamuwa ce.

A daidai wannan lokaci, a kamfanin Krupp na Jamus, Benno Strauss da Eduard Maurer sun bi wata hanyar, suka yi rajistar nasu a 1912. Su sun haɗa kuromiyam da nikel mai yawa. Aikin nikel a nan shi ne ya riƙe ƙarfe a zaman ostenait ko bayan ya huce. Zaman da a maƙera ba a samun shi sai ƙarfe ya yi ja, nikel ya sa ya tabbata har cikin firiji. Jikan wannan ƙarfe shi ne wanda ake kira 304, mai kuromiyam kashi 18 da nikel kashi 8. Shi ne kwanon silba mai kyau, shi ne tankin kamfanin madara da na lemo. Ya fi jure tsatsa, yana lanƙwasuwa ba ya tsagewa, amma komai tsoma shi da za ka yi a ruwa ba zai taurara ba, tunda ba ya sauya zama. Ka yi wuƙa da shi, ta yi ƙyalli kamar madubi, ka yanka albasa uku ta dakushe.

Ku je ku juya bayan cokulanku. Wasu za ku ga an rubuta 18/10 ko 18/8, wasu 18/0. Lambar farko kuromiyam ce, ta biyu nikel. Mai 18/0 ba nikel a cikinshi, ferait ne, zai manne. Mai 18/10 ba zai manne ba, ko ya ɗan ja kaɗan. Wani abin sha'awa, wuƙar cin abinci ta tebur, irin mai kyau ɗin da ake haɗa ruwa daban ƙota daban, sau da yawa za ka samu maganaɗisu ya kama ruwan ya ƙyale ƙotar. Kamfanin ya san abin da yake yi: inda ake son kaifi ya sa mai taurara, inda ake son ƙyalli ya sa mai nikel.

Har yanzu dai da sauran tambaya, kuma ita ce asalin ta yau. Wuƙa biyu, duk suna kamuwa, amma ɗaya sai ka sa ƙarfi kafin ka ɓamɓare maganaɗisun, ɗaya kuma da ka girgiza ya faɗi. Me ya kawo wannan?

Abu na farko, yawan baƙin ƙarfen da ke ciki. Wuƙar maƙeri ta sifiri, ƙarfe ne kusan kashi 97 ko fiye. Wuƙar kicin ta Jamus wadda aka rubuta wa X50CrMoV15, rubutun da kanshi ya faɗi abin da ke ciki: kabon rabin kashi ɗaya, kuromiyam kashi 15. Wadda ake kira 440C kuma kuromiyam ɗinta tsakanin 16 da 18 ne, kabon wajen kashi 1. Kuromiyam ba ya cikin masu kamuwa, saboda haka duk inda ya zauna ya tare wurin atom ɗin da zai ja. Kamar fura ce da aka yawaita wa ruwa, fura ce har yanzu, amma ba kaurin. Bayan haka, a ƙarafa masu kabon da kuromiyam da yawa, su biyun suna haɗuwa su yi wasu 'yan ƙwayoyi masu tsananin tauri a cikin ƙarfen. Ƙwayoyin nan su ke sa wuƙa ta daɗe ba ta dakushe ba, kuma maganaɗisu ba ya jan su. Ke nan wuƙa mai tsada, mai riƙe kaifi, tana iya zama mai raunin kamu fiye da ta ɗari biyar.

Na biyu, tsomawar kanta. Ba duka ostenait ke komawa matensait ba. Idan kabon da sauran sinadarai sun yi yawa, ko an wuce misali wajen zafi, wani kaso yana maƙalewa a zaman ostenait, ya zauna a cikin wuƙar kamar gari a cikin tuwon da bai tuƙu ba. Wannan kaso ba ya kamuwa, kuma yana da laushi. Manyan kamfanonin wuƙa kan sanyaya ruwan wuƙar ƙasa da sifiri bayan tsomawa, wasu har cikin ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, don su tilasta wa ragowar ta juya. Saboda haka wuƙa biyu daga ƙarfe iri ɗaya, idan hannun da ya taurara su ya bambanta, kamunsu na iya bambanta. A masana'antu ma ana amfani da awon maganaɗisu wajen gano yawan wannan ragowa, amma da na'ura mai auna ƙaramin bambanci, ba da zoben sifika da tafin hannu ba.

Na uku, kuma a ganina shi ne ya fi yaudarar mutane a kasuwa, kauri. Barhon mahauci mai kaurin gadon baya da 'yar wuƙar fere lemo, ko da daga ƙarfe guda aka yanko su, barhon zai fi kamuwa nesa ba kusa ba. Siririn ƙarfe yana da iyakar abin da zai ɗauka na ƙarfin maganaɗisu, idan ya cika ya cika. Haka kuma idan ruwan wuƙar ya ɗan yi doro, ko an shafe shi da fenti, ko tsatsa ta yi mashi ɓawo, tazarar da ba ta kai kaurin farce ba tana rage jan sosai. Mai gwaji yana zaton ingancin ƙarfe yake aunawa, alhali kauri da laushin fuska yake ji a hannunshi.

Ga kuma abin da ya kamata mai cewa “kamu tamau shi ne inganci” ya tsaya ya yi tunani a kai. Ƙarfen da ya fi kowane kamuwa shi ne mai laushi, mai ƙarancin kabon: ƙusa, kwanon rufi, ƙarfen da masu walda ke yin ƙofa da shi, da galibin rodin gini. Mu a Katsina ba baƙin rodi ba ne. Kamfanin mulmula ƙarfe na garin nan, wanda aka buɗe a farkon shekarun 1980 tare da takwarorinshi na Jos da Oshogbo, daga baya ya koma hannun kamfanin Dana, aikinshi ke nan, rodi da waya. Rodi ana son shi ya lanƙwasu ba tare da ya karye ba, shi ne amfaninshi a cikin kankare, saboda haka ba a cika mashi kabon. Ka buga wuƙa da irin wannan ƙarfe, mayen ƙarfe zai rungume ta kamar ɗan uwa, amma ranar layya kafin a gama fiɗa an wasa ta sau biyar. A ƙarfe mai laushi unguwannin atom na juyawa cikin sauƙi. A ƙarfe mai tauri, takurar nan da ke hana shi lanƙwasa ita ce kuma ke hana unguwannin saurin juyawa.

Wannan takura tana da wani sakamako da wataƙila kun taɓa gani. Wuƙa mai tauri idan ta daɗe tana goguwa da maganaɗisu, ita ma sai ta fara ɗaukar allura. Unguwannin sun sha wuya kafin su juya, da suka juya kuma suka ƙi komawa. Ƙusa mai laushi da ka ɗauke maganaɗisu ta manta kusan komai. Shi ya sa kafin shekarun 1930, yawancin maganaɗisun da ake ƙerawa daga ƙarfe mai tauri ake yin su, har da allurar kamfas da matafiya ke gane arewa da ita. Idan wuƙarki ta kicin ta zama haka, Hajiya, ba wata illa ga abinci. Abin lura ɗaya, bayan an wasa ta garin ƙarfen kan manne a bakin, a wanke da soso a goge kafin a taɓa nama.

Mu koma kan ɗaya ɓangaren, masu cewa abin da bai kamu ba shi ne asali. A kan wuƙa dai mun gama da wannan: wuƙar ƙarfe da maganaɗisu ya ƙi gaba ɗaya, zato mafi ƙarfi shi ne ta ado ce. Banda iri biyu da ba baƙin ƙarfe ba ne sam. Akwai farar wuƙar nan ta tangaran, irin ta kamfanin Kyocera na Japan, mai kaifi amma mai saurin ɓantarewa, akwai kuma ta taitaniyam wadda masu nutso a teku ke riƙewa saboda ruwan gishiri ba ya cin ta.

A kan kwanuka da tukwane ma maganar ba ta tsaya daidai ba. Nikel na da tsada, kuma farashinshi ba ya zama wuri ɗaya. A watan Maris na 2022 sai da tan guda ya haura dala 100,000 na ɗan lokaci a kasuwar ƙarafa ta Landan, har aka dakatar da cinikin. Saboda tsadar nan, masana'antu musamman a Indiya da Sin suna yin wata silba da ake kira 201 da danginta, inda ake rage nikel a cike gurbin da manganis. Manganis ma yana riƙe ostenait, an san haka tun 1882 lokacin da Robert Hadfield, shi ma ɗan Shefild, ya yi ƙarfe mai manganis wajen kashi 12 wanda maganaɗisu ba ya kamawa. Ke nan kwanon 201 zai ci jarrabawar mayen ƙarfe daidai da na 304, amma bai kai shi jure gishiri da tsami ba. Uwargida ta sayi kayan ɗaki da wannan gwaji, bayan damina biyu ta ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Ɗan jari-bola ma yana iya shiga wannan rami, ya saya a farashin mai nikel, dila ya karɓa a farashin marar shi.

Sannan ko asalin 304 ɗin, idan aka matse shi a inji aka lanƙwasa shi da sanyi, wani ɓangare na ostenait yana juyewa ya zama matensait saboda wahala kawai, ba wuta ba ruwa. Ku gwada da kwano ko bahon wanke-wanke na silba: a shimfiɗaɗɗen wuri maganaɗisu ya zame, a kusurwa ko a leɓe inda aka fi murɗa shi sai ka ji ya ɗan kama. Ba jabu ba ne. Tukwanen zamani kuma da gangan ake manna masu gindi mai kamuwa, saboda murhun lantarki na indakshon ba ya dafa tukunyar da maganaɗisu ba ya kamawa.

To idan mutum zai sayi wuƙar layya, da me zai gwada? Magagari ya fi maganaɗisu faɗin gaskiya. Ka goga shi a hankali kusa da bakin wuƙar, da izinin mai kaya ba shakka. Idan ya ci ƙarfen cikin sauƙi yana zubo da gari, wuƙar da laushi. Idan yana zamewa da ƙara kamar a kan gilashi, ta sha wuta yadda ya kamata. Idan kuma kana wajen mai wasa wuƙa da inji, kalli tartsatsin. Ƙarfe mai ƙarancin kabon tartsatsinshi dogaye ne miƙaƙƙu, mai kabon da yawa kuma suna fashewa a ƙarshe su yi rassa kamar wasan wuta na yara. Wajen maƙeri kuwa ka tambaye shi kai tsaye, Baba da wane ƙarfe aka yi wannan, sifiri ne ko tsohon magagari ko me? Wanda ya yi da sifiri ba ya ɓoyewa, da alfahari zai faɗa maka. Sai dai ka san wuƙar sifiri tana tsatsa, bayan aiki a wanke ta, a shanya, a shafa mata ɗan man gyaɗa kafin a mayar da ita kube.

Wani abu ga matasan da suka fara ƙera wuƙa suna koyo daga bidiyon intanet: dabarar nan ta dumama ƙarfe har maganaɗisu ya saki, ta ƙarfen kabon ce kawai. Ƙarfen wuƙa marar tsatsa yana buƙatar zafin da ya haura digiri 1000 kafin kuromiyam da kabon su narke yadda ake so, wato maganaɗisu ya riga ya saki da fiye da digiri 200 a baya. Idan ka tsoma shi a inda ya saki, ka ɓata gawayinka, wuƙar ba za ta yi tauri ba. Sifiri kuma a tsoma shi a mai, ruwa na iya tsaga shi.

Nan za mu dakata a yau. Wanda ya gwada cokulan gidansu ya rubuto mana abin da ya gani a ƙasan wannan rubutu, musamman idan an samu wanda ya saɓa wa abin da muka faɗa, sai mu duba shi tare. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu tsaya kan dutsen wasa wuƙa da injin wasa, da dalilin da ya sa bakin wuƙa ke yin shuɗi a kan inji. Sai mun haɗu, a huta lafiya.